Ba Wauta Ce Ta Ƙarar Da Su Ba

Duk sanda aka taɓo labarin mutanen Niyandatal a shirinmu na rediyo, sai wani ya bugo ya ce ai daƙiƙai ne, shi ya sa masu wayo suka gaje ƙasarsu. Wai haka duniya take, mai ƙarfi ya ture mara ƙarfi. Ni dai ban yarda ba, kuma wannan tunani yana cutar da mu nan Tcholliré.

Mutanen nan, da aka tono ƙasusuwansu a kwarin Neander na Jamus a 1856, sun yi dubban ɗaruruwan shekaru a Turai da yammacin Asiya. Suna amfani da wuta, suna sassaƙa makaman dutse, suna kayar da manyan namun daji cikin tsananin sanyi. Daƙiƙi zai iya haka? Sun yi zamani da irinmu, har an haihu tsakani. Binciken ƙwayoyin halitta da ya jawo wa Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022 ya nuna jininsu na nan a jikin mutanen yau, kusan kashi 2 cikin 100 ga waɗanda asalinsu ba Afirka ba.

To me ya ɓatar da su kimanin shekara 40,000 da suka wuce? Masana na ambaton sauyin yanayi, cututtuka da rububin abinci. Amma dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne ƙarancinsu. Suna warwatse a ƙananan zuriya, ana auren dangi na kusa. Al'umma in ta yi ƙaranci haka, ko ba a yaƙe ta ba, mugun lokaci guda ya ishe ta.

Mun ga irin wannan da idonmu. Baƙar karkandar yammacin Afirka a dazuzzukan arewacin Kamaru ta yi saura. Mafarauta suka rage ta har ta koma kamar guda goma a 2000, kowace a nata lungun, namiji ba ya gamo da mace. Aka neme ta a 2006 ba a samu ba, a 2011 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa ta ƙare. A 2012 kuma mahaya dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida.

Mai cewa mara ƙarfi ne ke ƙarewa yana wanke hannunsa ne kawai. Babu wanda ya ƙirga Niyandatal sa'ad da suke raguwa. Raƙuman dawa da zakunan da suka rage mana kuwa ana ƙirga su, an san kaɗan ne. Hukuma ta ba masu gadin daji kayan aiki, mu kuma mu daina ɓoye mafarauci don ɗan garinmu ne.