KADA MU YI CINIKIN BIRI A SAMA

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da na ga ya kamata mu duba tun kafin a rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa. Tun da ChatGPT ya fito a shekarar 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sai ƙaruwa su ke yi, har da waɗanda ke cewa in ka zuba musu rubutu za su mayar maka da shi zane nan take. Da yawa cikinmu sun fara dogara da su wajen shirya darasi, alhali abin da su ka sani game da su bai wuce 'yan layukan da mai manhajar ya rubuta na yabon hajarsa ba.

Shi dai wannan zane da a ke kira taswirar ilmi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya taɓa ganin salsalar sarakuna a bangon aji ya san shi. Watau abu biyu ne, da kibiya a tsakaninsu mai nuna dangantaka: Lafiya, kibiya, hedkwatar Jihar Nasarawa. In aka haɗa dubban irin wannan, an sami taswira. Kamfanin Google ya fito da tasa a 2012, a shekarar kuma aka buɗe Wikidata. To, zana kibiya ba wuya. Wuyar ita ce kibiyar ta faɗi gaskiya.

Saboda haka ni a ganina, duk bayanin manhajar da bai amsa tambayoyi huɗu ba, talla ce kurum.

Ta farko, daga ina ta ke samo abin da ta zana? In ta zana Hausa Bakwai, za ta nuna cewa labarin Bayajidda tarihin baka ne? Za ta sa Biram a matsayin ɗan Bayajidda, ko kuwa za ta jera shi cikin 'ya'yan Bawo don zanen ya yi kyau?

Ta biyu, tana sa wa kibiya shekara? Lafiya ta zauna cikin Lardin Binuwai, a 1967 ta shiga Jihar Binuwai-Filato, a 1976 ta koma Jihar Filato, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa. Kibiyar da ta haɗa Lafiya da Filato ba tare da shekara ba, jiya gaskiya ce, yau ƙarya.

Ta uku, tana rarrabe sunaye masu kama da juna? Akwai Jihar Nasarawa, akwai garin Nasarawa a cikinta, ga kuma Nasarawa ta Kano. Lafiya dabam, Lafiyagi ta Jihar Kwara dabam. Manhajar da ta cuɗa su wuri ɗaya ta ɓata darasin ƙasa gaba ɗaya.

Ta huɗu, ta san harufanmu masu ƙugiya, kuma za a iya kwafe zanenta a allo da alli? Wadda ba ta bambanta ƙafa da kafa ba, ina ruwanta da ajin Hausa?

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, yanzu ba mutane kaɗai ke karanta waɗannan bayanai ba. Akwai manhajoji masu zuwa aike, waɗanda ka ke gaya wa bukatarka su je su zaɓo kayan aiki da kansu. Da me su ke zaɓa? Da wannan bayanin dai. In bayanin ya cika baki, ɗan aiken ma sai ya ruɗe, ya kawo maka abin da ba ka aike shi ba.

Na san wani zai ce ai malami na nan, in na'ura ta kauce sai ya gyara. Haka ne, in ya lura. Amma zane mai tsari yana da kwarjini, kyan ɗan maciji gare shi. Ku tuna da yaron aji huɗu a makarantar firamare ta Azuba, wanda ba shi da littafi sai abin da ya kwafa daga allo. Maganar malami ya kan manta, zane kuwa ya zauna masa a ka har ranar jarrabawa. In kibiya ta karkace a allonka, ta karkace a littattafan ajin duka.

Ban ce a guji waɗannan manhajoji ba, don suna rage wahala ƙwarai. Shawarata ita ce, kafin kowa ya shiga aji da ɗaya, ya gwada ta da abin da ya sani sarai. Ya ce ta zana ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, ko ta nuna wanda ya gaji Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai da ya rasu a 2019. In ba ta kawo Sidi Bage Muhammad ba, ya ajiye ta. Sakamakon kuwa a liƙa shi a allon sanarwa na koleji, don na baya su amfana. Gani ya kori ji.

Haza wassalam.