Da Wane Mudu Ake Auna Waƙoƙin Makaɗi?

Idan jaridun Turanci za su yabi mawaƙi, kalmar da suka fi ɗaukowa ita ce repertoire, wato jimillar waƙoƙin da ke bakin mutum. Daga Faransanci suka aro ta, kuma ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. In yabo ake sai a jingina mata wide ko vast ko varied, in kuwa kushe ake sai a ce limited ko narrow. Duk awon faɗi ne: mai taɓa ko'ina shi ne gwani, wanda ya tsaya wuri ɗaya ya gaza.

Wannan mudu ya yi wa Mamman Shata daidai. Kafin rasuwarsa a 1999 ya waƙe sarakuna da direbobi da 'yan kasuwa da malamai, babu wanda kalangunsa bai leƙa ba.

Amma a kai mudun fada a gani. Ibrahim Narambaɗa ya ƙare yawancin ƙarfinsa kan ubangida ɗaya, Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ɗalibin da ya rubuta cewa waƙoƙinsa ba su da faɗi ya bi ƙa'idar Turanci, amma ya zalunci makaɗin. Gwanintar makaɗin fada tana cikin yadda zai koma kan mutum ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya gundiri kowa ba. Yau ya jero asali da kakanni, gobe ya zuga, jibi ya yi wa ɗan sarki mai harin gado habaicin da kowa a zauren ya gane, alhali ba a kama suna ba. Kotso na rataye a kafaɗa ana taɓa shi da yatsu, jagora ya fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa kamar baki ɗaya ke magana. Wannan aiki zurfi ne da shi, kuma shi ya haifi waƙar Narambaɗa ta Bakandamiya.

Hausawa da ma suna da tasu hanyar faɗin iyakar makaɗi: wa yake yi wa, kuma da wane abin kiɗa. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya tashi a gidansu kafin ya shiga na sarauta har ya kai ga Sardauna Ahmadu Bello. Kassu Zurmi na mafarauta ne da 'yan tauri. Ɗan Anace na 'yan dambe ne, shi ya sa ba a ambaton ɗan damben nan Shago a mance da shi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana rubuce wannan rabe-rabe, kuma rabe-raben ya fi kowace siffa ta aro gaya wa mai karatu abin da zai ji.

Abin damuwa game da makomar irin waɗannan makaɗa shi ne yammacin Zamfara. Fadar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi tsofaffin gidajen sarauta ne, ƙauyukan Bukkuyum kuma na manoma ne, amma 'yan bindiga sun hana gayya a wurare da yawa, kuma inda babu gayya kiɗan noma mutuwa yake. Masu nazarin Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo su hanzarta naɗar muryoyin dattawan makaɗan da suka rage, a rubuta wanda aka yi wa kowace waƙa da gangar da aka kaɗa.