Darasin Birnin Yauri: a tsare gari kafin a bi sawu cikin daji

Ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2021, da rana tsaka, 'yan bindiga a kan babura suka dira Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Suka fi ƙarfin 'yan sandan da ke gadin makarantar, suka kashe ɗaya daga cikinsu, suka tasa ƙeyar ɗalibai masu yawa da wasu malamai zuwa daji. An sako wasu a watan Oktoba na shekarar, wasu a Janairun 2022, amma 'yan mata 11 suka ci gaba da zama a hannun jagoran 'yan bindigar, Dogo Giɗe. Sai a watannin Afrilu da Mayu na 2023 suka dawo, bayan iyayensu sun yi ta neman taimakon jama'a don haɗa naira miliyan 100 na fansa. Yaran da suka bar gida da kayan makaranta, wasunsu sun dawo da goyo a baya. Wajibi ne mu riƙa tuna wannan rana, kuma mu tuna ta da tambayar da ta dace: wane irin ƙarfin soja ne yake kare talaka?

Ra'ayina shi ne, ƙarfin da yake da amfani shi ne wanda yake zaune a wuri kafin ɓarna ta auku. Harin Birnin Yauri bai zo wa kowa da bazata ba. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka kwashe a Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga Afaka a Maris, aka ɗauke 'yan Islamiyyar Tegina a ƙarshen Mayu. Kagara da Tegina duk a Jihar Neja suke, wadda Ngaski ke iyaka da ita. Duk mai lura ya san makarantar kwana da ke wannan yanki tana cikin haɗari, amma tsaron da aka ajiye bai kai ya tare gungun mahara ba. Da sojoji suka bi sawu, sun ceto wasu ɗalibai da malamai, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Sai dai a cikin wannan bin sawun ne aka tsinci gawar wata ɗaliba. Da zarar yara sun shiga hannun mahara, hannun soja ya ɗaure, domin duk harsashin da zai harba yana iya samun wanda ya zo ceto.

Masu cewa luguden wuta ta sama ne kaɗai mafita suna da hujjarsu. 'Yan bindigar nan sun kashe na kashewa, sun ƙona rumbuna, sun ɗora wa manoma haraji, kuma tun Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Babu mai hankalin da zai ce a janye jiragen yaƙi. Amma jirgi yana sakin bam ne ya koma sansaninsa, ya bar ƙauye da 'yan bindigar da suka tsira, su kuma su huce a kan mutanen da suke zargi da tsegunta su. Kuma idan bayanan sirri suka yi rauni, bam ba ya tantance mai laifi. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 da ke taron Mauludi. Kowane kuskure irin wannan yana rufe bakin mutanen da soja ya fi buƙatar jin ta bakinsu.

Akwai kuma masu ganin sulhu ne ya fi, tunda a ƙarshe da tattaunawa aka karɓo 'yan matan Yauri. Ba na ganin laifin uban da ya sayar da gonarsa don ya fanshi 'yarsa, domin hukuma ce ta bar shi ba shi da wata hanya. Amma abin da ya halatta ga uba a cikin larura ba zai zama manufar gwamnati ba. Zamfara da Katsina sun gwada sulhu a 2019, bai ɗore ba. Kuɗin fansa su ne suke komawa babura da bindigogi, su zama jarin hari na gaba.

Cewa har yanzu ba a ɗauki darasin ba, shekarar 2025 ta nuna. Ranar 17 ga Nuwamba aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka ɗauke ɗalibai 25. Gwamnan Kebbi Nasir Idris da kansa ya ce an sami bayanan sirri tun kafin harin, an kai sojoji, amma suka janye kafin maharan su iso. Kwana huɗu bayan haka aka kwashe ɗaruruwan yara a makarantar St. Mary's ta Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, tsallaken ruwa daga ƙasar Yauri. Wannan ya nuna cewa tafkin Kainji da dazuzzukan da ke kewaye da shi fagen yaƙi ɗaya ne. Mahari bai san iyakar Kebbi da Neja ba, alhali jami'an tsaro sukan tsaya jiran umarni daga Birnin Kebbi ko Minna.

Za a ce sojoji ba su da yawan da za su tsaya a kowace makaranta da kowane ƙauye, kuma gaskiya ne. An rarraba su daga Borno har zuwa Neja-Delta, kuma suna rasa rayuka. A Maris 2022 an kashe sojoji da dama a Kanya, a cikin Jihar Kebbi. Amma ba a ce a sa soja a kowace ƙofa ba. Gungun babura ba ya ratsa daji a ɓoye. Manomin Shanga yana jin ƙararsu, masuncin Warra ya san wanda ya tsallaka ruwa da dare, dagaci da sarkin ruwa sun san baƙon da ya shigo sayen fetur da burodi fiye da kima. Abin da ya rage shi ne sansanoni na dindindin a mashigan da aka sani, da jiragen ruwa masu sintiri a tafkin, da runduna guda mai ikon tsallaka iyakar jihohin biyu ba tare da jiran izini ba, da kuma kare sirrin duk wanda ya kawo labari.

Sama da duka akwai hisabi. Idan aka kawo gargaɗi aka yi watsi da shi, ko aka janye dakaru daga wurin da aka ce su tsare, a binciki wanda ya ba da umarnin, a bayyana wa jama'a sakamakon. 'Yan majalisar da ke wakiltar Yauri, Shanga da Ngaski a Abuja da Birnin Kebbi su ne ya kamata su matsa a kan haka, tare da goyon bayan masarautar Yauri. Kuma mu daina auna nasarar yaƙi da adadin 'yan ta'addan da sanarwa ta ce an kashe. Ma'aunin da ya dace shi ne makarantu nawa ne suka kammala zango lafiya, manoma nawa ne suka yi girbi ba tare da sun biya haraji ga ɗan bindiga ba.