RA'AYI: Malam Aminu Na Maru Da Malaman Da Abuja Ke Yi Wa Ta'aziyya

Duk ma'aikacin da ke ratsa Wuse 2 da safe ya san titin Aminu Kano. Akwai filin jirgin sama da asibitin koyarwa masu ɗauke da sunan nan a Kano, kuma duk 17 ga Afrilu, ranar da ya rasu a 1983, akan tuna da shi da jawabai kan NEPU da PRP da 'yancin talaka. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, kafin ya hau dandalin siyasa, sai da ya yi kusan shekara takwas yana aikin koyarwa.

A Midil ta Bauchi ya fara, a 1942, inda ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Bayan ya dawo daga ƙaro ilimi a Landan, aka tura shi Maru, ƙaramin gari a Lardin Sakkwato na wancan zamani, ya shugabanci makarantar horon malamai. Da yawa na ganin an yi haka ne don a nesanta shi da Bauchi, inda bakinsa ya fara damun hukuma. In kuwa hakan ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ake tsoron harshensa aka damƙa wa samarin da za su watsu cikin ƙauyukan lardin, kowanne ya tsaya gaban aji shekara da shekaru. Babu kundin da ya ƙidaya yaran da suka koyi karatu a hannun ɗaliban Malam Aminu, balle waɗanda su kuma suka koyar.

Yana Maru ɗin ne yake riƙe da sakataren Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, wadda ya taimaka aka kafa. Wato ya yi gwagwarmaya mai tsari a kan darajar malami, kafin ya ajiye aiki a 1950.

Kusan kowane darakta ko mataimaki na musamman a Abuja yana da nasa Malam, a Misau ko Gumel ko Dutsin-Ma: wanda ya je har gida ya roƙi uba ya bar yaro ya zauna jarrabawa, ko ya biya kuɗin fom daga aljihunsa bai faɗa wa kowa ba. Ranar da ya rasu sai a cika Facebook da hotonsa da addu'a, a aika da kuɗin sadakar uku. Wannan abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma a kan teburan waɗannan masu ta'aziyya ne fayil ɗin magajin Malam ke kwana.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimi a matakin farko, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru ke nan biliyoyin naira na jibge a hukumar UBEC saboda jihohi da dama sun ƙi cika sharaɗin. A ranar 5 ga Oktoba, 2020, Gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi wa malamai alƙawarin tsarin albashi na musamman. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65, ko 40 na aiki. An tsawaita wa malami zama a aji, albashin na musamman kuwa har yanzu ƙungiyar NUT na cigiyarsa.

Za a ce firamare hurumin jihohi da ƙananan hukumomi ne. Gaskiya ne, sai dai wannan hanzari ba ya aiki a Babban Birnin Tarayya. A nan ne malaman firamare suka shiga yajin aiki a watan Maris na 2025, saboda ƙananan hukumomin yankin ba su biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Makarantun Kwali da Abaji da Kuje suka zauna a kulle fiye da wata uku. Da wuya a sami ɗan wani babban jami'i cikin yaran da suka rasa zangon karatun, watakila shi ya sa aka daɗe ba a ji zafin abin ba.

Maru tana nan a Jihar Zamfara, kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma har yau akwai kwalejin ilimi a garin. Waɗanda take yayewa za su koyar ne a ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, a kan albashin da sai ƙaramar hukuma ta ga dama. Mai bai wa minista shawara da ya rubuta dogon yabo ga malaminsa na aji uku yana da ikon tambayar inda takardar tsarin albashin 2020 ta maƙale, da sunan ofishin da ya riƙe ta.