Jijiyar Mamaci da Ke Mayar da Matasa Filin Wasa

A ranar 8 ga Janairun 2006, a wasan ƙwallon Amurka tsakanin Cincinnati Bengals da Pittsburgh Steelers, wani ɗan wasan Steelers ya faɗa wa ɗan wasan Bengals, Carson Palmer, a gwiwar hagu daidai lokacin da ya saki jifarsa ta farko. Jijiyoyi biyu suka tsinke, ciki har da wadda ke ratsa tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, wadda likitoci ke kira ACL. Shekarunsa 26 a lokacin, kuma mutane da yawa sun ɗauka shi da fili sai dai kallo.

Likitan da ya yi masa tiyata a birnin Houston ya gyara gwiwar da agarar wata mata da ta rasu kusan shekara biyu kafin nan, a hatsarin motar da wani direba mashayi ya haddasa. Kyauta aka ba da sassan jikinta. Watan Satumba na kamawa Palmer ya dawo, ya buga duka wasanni 16 na kakar, bai ajiye takalmi ba sai bayan kakar 2017.

Aikin dashen sassan mamaci yana da tsari mai tsauri. Cikin awa 24 da rasuwa ake cire jijiya, ƙashi ko guringuntsi, a binciki tarihin lafiyar mamacin, a gwada jininsa don kauce wa cutar ƙanjamau da ciwon hanta. Jijiya kan jira shekaru a daskare. Guringuntsi kuwa ba ya jira, domin ƙwayoyinsa masu rai ake so, don haka akan dasa shi cikin kimanin mako huɗu. Wanda aka yi wa dashen ba ya shan magungunan danne garkuwar jiki irin na mai dashen ƙoda, sannu a hankali jikinsa ke mamaye sabuwar jijiyar har ta zama tasa. A ƙididdigar ƙungiyar Donate Life America, mai bayarwa guda kan taimaki mutum fiye da 75.

Sai dai ba kowane rauni ne jijiyar mamaci ta fi dacewa da shi ba. Binciken rukunin likitocin MOON a Amurka ya nuna cewa a jikin matasa masu motsi sosai, ACL ɗin da aka gina da ita ta fi saurin sake tsinkewa a kan wadda aka yanko daga jikin majinyacin. Shi ya sa likitoci da dama ke fifita ta jikin yaron kansa. Amma idan jijiyoyi uku suka tsinke lokaci guda, ko tiyatar farko ta lalace, ko wani babban yanki na guringuntsi ya ɓalle, ko matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya ƙare, to jiki ba shi da rarar da za a ɗebo. A nan kyautar mamaci ke raba matashi da ɗingishin har abada.

Wannan magana ta shafi gida. Duk wanda ke kallon ƙwallon unguwa a Kano ko Kaduna ya san yaron da ya juya kan busasshiyar ƙasa, ya ji ƙas a gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum. Sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori, a ja, a shafa, a ɗaure. Kumburi ya saɓe, amma gwiwar ta riƙa kubce masa duk sanda ya yanke da gudu. Ɗori yana haɗa ƙashi, ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke a can ciki.

Tsoron da ke zukatan mutane game da ba da sassan jiki yana da dalili, musamman bayan hukuncin da kotun Landan ta yanke wa Sanata Ike Ekweremadu a 2023 kan yunƙurin cire ƙodar wani matashi. Amma fatauci daban, kyauta daban. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta halatta dashe daga mamaci a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta ba ɗan Najeriya damar yin wasiyya da sassan jikinsa, ta haramta sayarwa.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, Asibitin Ƙashi na Dala kuma ya daɗe yana hidimar arewa. Ya kamata gwamnatin tarayya ta kafa ma'ajiyar jijiya da ƙashi a ɗayansu, da wutar da ba ta yankewa da rajistar masu bayarwa. Malamai su yi wa jama'a bayanin fatawar a majalisun karatu, ƙungiyoyin ƙwallo kuma su wajabta kai duk yaron da gwiwarsa ta kumbura wurin likitan ƙashi a makon da ya ji raunin.