Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A wannan wata zan taɓo maganar da ba mu son yi a fili, wato shan giya. Da an ambace ta sai mu ce ai matsalar wasu ce, mu addini ya hana mu. Gaskiya ne ya hana. Amma duk wanda ya zaga Garwa da dare ya san akwai 'ya'yanmu da ba sa kusantar gidan bilbil ko arki, amma suna tsotsar wiskin leda a ɓoye, su hau babur su ɗauki fasinja. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta ba da sanarwar hana wannan wiski, daga baya aka yi ta ɗaga wa'adin.

Wasu ƙasashe sun daɗe da ɗaukar abin a matsayin cuta. A 1970 Amurka ta kafa cibiya ta musamman, NIAAA, wadda gwamnati ke ba kuɗi don binciken illar giya da rigakafinta. A 1994 aka amince da maganin naltrexone a can, mai rage wa mashayi ƙwaɗayin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fitar da tambayoyi 10 a 1989, waɗanda ma'aikacin asibiti zai yi wa mutum ya gane ko shansa ya kai haɗari. Ita ce kuma ta ƙiyasta cewa giya ta kashe mutum miliyan 2.6 a 2019.

Ga wani darasi da iyaye ya kamata su riƙe. Wanda giya ta kama sosai, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa ita rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya, har ya rasa ransa. Asibiti ne wurinsa, tare da addu'a da nasiha.

To, mu fa? An kafa Jami'ar Garwa a 2022, ga kuma makarantar koyon likitanci a garin. Kiranmu ga hukuma shi ne ta ware kuɗi a binciki namu: su wa ke sha, daga shekara nawa, me ke cikin arkin da ake dafawa a unguwanni. A yi tambayoyin da Hausa da Fillanci. Mu kuma in masu bincike sun yi mana sallama, mu faɗi gaskiya, don likita ba ya maganin ciwon da aka ɓoye masa.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.