Awara ɗaya, ciki daban-daban

Ana yawan cewa awara tana ɗauke da sinadarin mata, don haka namiji ya guje ta. A wani ɓangaren kuma masu tallan ƙwayoyin waken soya suna yi wa matan da haila ta ɗauke musu alkawarin waraka. A ganina, ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, domin sun tsaya kan abin da ke cikin kwano, sun manta da aikin da hanji yake yi a kansa.

Gaskiya ne waken soya yana da sinadarai masu kama da estirojin, waɗanda ake kira aisofilabon. Fitattunsu biyu ne, jenistin da daidzin. A cikin wake suna ɗaure da sukari, kuma sai hanji ya kwance wannan ɗauri kafin su shiga jini. Daga nan bangon hanji da hanta su sake ɗaure mafi yawansu da wani sinadari, abin da ke rage musu ƙarfi, ya kuma sauƙaƙa wa ƙoda fitar da su. Cikin kwana guda galibinsu sun fita ta fitsari. Ko wanda ya kuɓuta daga ɗaurin, ƙarfinsa bai kusanci na estirojin ɗin jiki ba.

Babban bambanci yana cikin babban hanji. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna mayar da daidzin ya zama ikwol, wanda ya fi shi tasiri. An fara samun ikwol a fitsarin goɗiya mai ciki a 1932, daga nan ya sami sunansa, domin tushen kalmar a Latin doki ne. Ya yi suna bayan da tumaki a yammacin Ostareliya suka daina haihuwa a shekarun 1940 saboda kiwo a kan wata ciyawa mai suna kiloba. Amma tunkiya tana da tumbi, kuma wuni take yi tana cin ciyawar. A cikin mutane, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai ke samar da ikwol a ƙasashen Yamma, a Japan da Koriya kuwa kusan rabi. Mutum biyu na iya cin awara daga kasko ɗaya, jikinsu ya karɓi abu daban.

Shi ya sa awo ya fi zato. A ɗakin gwaji ana tara fitsari na awa 24 ko a ɗebi jini, a zuba masa inzayim da ke kwance ɗaurin hanta, wanda sau da yawa daga dodon koɗi ake samo shi. Sannan a rarrabe sinadaran ta hanyar kuromatogirafi, a tantance kowanne da na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyinsa. Ta haka ake gane mai samar da ikwol da wanda ba ya samarwa.

Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2010 da 2021 ba su ga waken soya ya rage wa maza sinadarin testostiron ba. Saboda haka hana iyali awara, abinci mai gina jiki da ya fi nama araha nesa ba kusa ba, asara ce a kan jita-jita. Haka nan duk mai tallan ƙwaya da ya yi wa kowace mace alkawari ɗaya, a tambaye shi ko ya auna abin da hanjinta yake samarwa.